Dutsen da ke Bayan Gidanmu

Gulshur, ranar Talata, ana tsakiyar tsinkar wardi

Zuwa ga ƙanina Behruz,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na yi maka sallama ne don Nane ta ce kada in kuskura in fara wa ɗanta wasiƙa ba gaisuwa. Da don ta ni ce, da ka samu takardar nan ba ko sannu.

Ranar Alhamis da hantsi muna tsakar gida ni da Nane, tukunyar wardi na kan wuta, sai ga maƙwabciyarmu Batul Hanum ta faɗo mana ko mayafi ba ta gyara ba. "Mahin, taso ki ga ɗan gidanku, ya zama babban mutum!" Muka bi ta. Ka san suna da farantin nan a ɓoye bayan tankin ruwa, suna kama tashoshin waje. Sai ga ka cikin kwat, gashi duk ya yi fari, an rubuta "masani" a ƙarƙashin haɓarka. A bayanka taswira ce. Ka ɗaga yatsa ka ɗora shi a kan dutsenmu, Behruz, dutsen da ka yi kiwon awakin Baba a gindinsa, ka ce da bakinka: "Idan ba a tsayar da abin da ake yi a cikin nan yanzu ba, nan gaba sai da ƙarfi." Kana rufe baki suka nuna jiragen yaƙi suna tashi.

Nane ba ta ji sosai yanzu. Ta matso har hancinta na taɓa gilashin, tana ce mini, "Me yake cewa? Ya rame, ko?" Na ce mata gaishe ta kake yi. Batul ta ce, "Gaisuwa kam, da jirgi za a kawo miki ita."

Washegari na je sayen burodi, Mashdi Safar mai gidan burodin ya miƙo mini ta saman kawunan mutane yana cewa, "Ki roƙar mini ƙaninki ya ce musu su bari sai bayan Juma'a, ina da aikin biki." Layin duk aka yi dariya. Na yi shekara ashirin da bakwai ina koyar da 'ya'yan mutanen nan karatu, ba a taɓa yi mini dariya a layin burodi ba sai a dalilinka.

Kada ka ɗauka ina kare waɗanda suka huda dutsen. Ba wanda ya tambaye mu ranar da manyan motoci suka fara shigowa. Ruwan ƙanat, magudanar ƙarƙashin ƙasa da kakanninmu suka haƙa, ya ragu har rabin gonar rumman ta bushe, muka kai ƙara aka ce ƙarancin ruwan sama ne. Kullum a rediyo ana ce mana haƙƙinmu ne, wutar lantarki za a yi, mu kuwa sau uku ake ɗauke mana wuta a yini. Su kuma na can waje sun ɗaure mu da takunkumi, har maganin zuciyar Nane sai na bi kanti biyar a Kashan kafin in samu kwali ɗaya. Waɗannan su ce kashi sittin, waɗancan su ce saura kaɗan a kai kashi casa'in, mu ko kashin mene ne ba mu sani ba. Amma duk cikinsu ba wanda ya sha nonon Nane. Kai ka sha.

Daga ƙofar gidanmu zuwa shingen wayar da suka kewaye dutsen da shi tafiyar minti ashirin ce, da ƙafar tsohuwa. Mijina Yadullah kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata bakin ƙofar wurin, safe da yamma. In aka zo da ƙarfin da kake faɗa, a kan wa kake jin zai sauka?

Na ba Haji Nosrat mai babbar mota wannan takarda, zai jefa ta a gidan waya idan ya tsallaka Turkiyya da lodinsa. Kada ka kira waya, ka san ba mu biyu kaɗai muke saurare ba.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Mahin

*

Hamburg, ranar Lahadi

Abji Mahin, yayata mai girma,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan kwana goma sha shida. Ki sumbaci hannun Nane a madadina, ki ce mata ban rame ba, kwat ɗin ce ta yi mini yawa.

Na karanta zaginki sau uku, kuma zan amsa shi daki-daki, kamar yadda kika koya mini amsa jarrabawa.

Na farko. Hira ta minti arba'in na yi da mutanen nan, abin da kuka gani bai kai minti ɗaya ba. Da na ɗora yatsa a kan dutsen, cewa na yi akwai ƙauyuka uku a gindinsa, akwai makaranta, akwai tsofaffi da ba sa iya gudu. Na ce duk wanda ya jefa bam a nan ya kashe uwata. Na ce da ƙarfi za a ƙare idan ba a tsaya ba, ban ce a yi ba. Suka datse gaba, suka datse baya, suka liƙa jiragensu. Na rubuta musu takardar ƙorafi, suka amsa mini da godiya.

Na biyu. Duk da haka ba zan janye maganar cewa a tsayar da aikin ba. Ni na karanta ilimin nukiliyar nan, Abji, na koyar da shi shekara tara a jami'a. Ba a binne injin samar da wutar lantarki a cikin dutse. Kuma ba a yi kuskure ba da aka zaɓi dutsen da ke da mutane a gindinsa. Ku ne katangar. Kowane ɓangare ya san da haka. Na gida sun jingina da ku, na waje kuma sun riga sun ƙirga ku a takarda, suna da suna na musamman da suke kiran mutanen da za su mutu ba da niyya ba. Na zauna a taro na ji wani mai ƙaramin gemu yana faɗin adadin yana shan kofi.

Na uku. Kin ce kun kai ƙara a kan ruwan ƙanat. Kin manta wa ya rubuta ƙarar? Ni na rubuta, na sa hannu na farko, na yi wata takwas a ɗakin da ba taga a kanta. Da na fito Mashdi Safar ɗin nan da ke yi miki ba'a juya mini baya ya yi a masallaci. Ba don son sanyin ƙasar nan na baro gida ba.

Yanzu ki ajiye fushi ki saurare ni. Tattaunawar da ake yi tsakanin na gida da na waje ba za ta kai ko'ina ba. Ki ɗauki Nane ki kai ta Yazd wajen ƙanwarta Hale Ezzat, ko da na wata uku ne. Wardi zai sake fitowa baɗi.

Shi kuma Aga Yadullah, ki gaishe shi. Amma tunda kin sako shi a magana, ki gaya masa wanda ya kai ma'aikata bakin ƙofa shekara goma sha ɗaya ya yi nasa rabon aikin, ko bai taɓa shiga ciki ba.

Ina nan ƙaninki, ko kin so ko kin ƙi.

Behruz

*

Gulshur, ranar Asabar

Behruz,

Salamu alaikum. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa.

Sun tafi da Yadullah. Yau kwana goma sha tara.

Muna cin abincin rana suka buga ƙofa, su uku, ba kaki a jikinsu, motarsu fara ba lamba. Cikin ladabi babbansu ya ce, "Aga Yadullah, minti goma kawai za mu ɗauke ka." Ya tashi da cokali a hannu, sai da ya kai ƙofa ya tuna ya miƙo mini. Biyu suka tafi da shi, ɗaya ya tsaya. Ya karɓi wayarsa, ya zazzage akwatunanmu, sannan ya ce in nuna masa hanyar hawa soro. Da muka hau ya fito da wata takarda daga aljihu, yana duba ta yana duba dutse, yana matsawa hagu yana matsawa dama, har ya tsaya daidai inda nake shanya darduma. Ya ce, "Nan ne." Ya juyo mini da takardar.

Hoton da na ɗauka ne kafin bikin sabuwar shekara, ranar da muka wanke dardumai, Nane na zaune a soro tana shan hantsi tana dariya. Da wayar Yadullah na ɗauka don tawa ta lalace. Amma a wannan babu Nane. An yanke ta, gefen hannun rigarta kawai ya rage. An ƙara girman dutsen da ke bayanta, an zana jan da'ira a kan wani baƙin wuri da ni ko lura da shi ban taɓa yi ba. Mutumin ya ce bakin sabon rami ne, kuma hoton ya zagaya jaridun duniya, har an ɗaga shi a wani babban taro.

Na wanke hoton nan guda biyu. Ɗaya yana jikin bango a ɗakin Nane. Ɗayan na sa shi a ambulan na rubuta a baya, "Ga uwarka, don ka tuna kamanninta."

Ka ce Yadullah ya yi nasa rabon aikin. Mutumin da bai san komai ba sai sitiyari da sallah, wanda shi ke goya Nane a bayansa ya sauko da ita daga matakala idan ƙafarta ta kumbura. Kai kuma wane rabo ka yi?

Batul Hanum ta sauke farantinta, in ta hango ni sai ta shige lungu. Ita kuwa Nane, ce mata na yi an tura Yadullah aiki Bandar Abbas. Kullum sai ta ce a ajiye masa shinkafa.

Ba na son daki-daki, ba na son na farko da na biyu. Kai ka ba da hoton? I ko a'a.

Mahin

*

Hamburg, ranar Laraba

Abji,

Salamu alaikum.

I. Ni na bayar.

Bayan sun datse mini hira, wani ɗan jarida ya zo gidana ya ce zai rubuta labarin mutanen da ke zaune a gindin dutsen, don masu shirya yaƙi su ga fuskoki. Ya tambaya ko ina da hoto. Na ciro na Nane daga cikin firam da hannuna. Na ce masa, "Ka nuna musu wannan matar. Shekararta tamanin da ɗaya, ba ta san mene ne yuraniyom ba." Ya riƙe hoton kamar zai yi kuka. Labarin bai taɓa fitowa ba. Ashe ya miƙa shi ga wasu masu nazarin makamai, su kuma abin da suka gani ke nan. Wallahi ni ma ban lura da ramin ba. Fuskarta nake kallo.

Jiya na je ofishinsu. Wani saurayi mai katin suna a wuya ya fito ya tarbe ni, ya ce, "Dakta, hotonka ya taimaki duniya ƙwarai." Na ce mijin yayata yana tsare a kansa. Ya ce abin baƙin ciki ne, kuma idan na yarda za su so su yi rahoto a kan hakan ma. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Masu gadi ne suka raka ni waje, ni da furfurata.

Ba na kawo wannan don in wanke kaina. Ni da na yi wata takwas a hannun mutanen can, na fi kowa sanin abin da hoto ɗaya yake jawowa. Na sani, na bayar, don ina son a ce ni ne na hana yaƙi.

Maganar da na yi a kan Aga Yadullah na janye ta, kuma ina jin kunyarta fiye da komai.

Ga abin da na yanke. Ko dai in fito a duk tashar da za ta karɓe ni in ce ni na ba da hoton, shi bai san komai ba, ko kuma in sayi tikiti in sauka Tehran in miƙa kaina. Matata ta ce na haukace. Ke nake jira. Abin da kika zaɓa shi zan yi.

Ƙaninki mai laifi,
Behruz

*

Gulshur, ranar Litinin

Behruz,

Wa alaikas salam. Na gode da ka ce i ba ka yi kwana-kwana ba. Iyakar godiyar ke nan.

Kada ka sake buɗe baki a wata tasha. Duk lokacin da ka yi magana wani abu ne ke faɗo mana a ka. Kada kuma ka zo. Kana tsammanin musanya za su yi, kamar a kasuwa? Ku biyu za su riƙe, in koma kai kwano biyu gidan yari.

Sau shida ina zuwa birni, wani gini da ba allo a ƙofarsa. Mata muna da yawa a bakin ƙofar, kowacce da ƙullin kaya, ba mai tambayar wata. A zuwa na shida aka shigar da ni wajen wani mai tasbaha, ya sa aka kawo mini shayi. Na ce masa ni na ɗauki hoton, ni na aika, a saki mijina a kama ni.

Ya ce, "Mun sani, Hanum. Ai inuwarki tana cikin hoton, da mayafinki."

Na ce, "To me kuke yi da Yadullah?"

Ya ce, "Ƙaninki ya yi mana nisa."

Haka ya faɗa, yana juya sukari a baki. Na ce masa, "Ɗana, na haifi kamarka. Kun huda mana dutse ba ku tambaye mu ba, kun shanye mana ruwa, yanzu kuma laifi ne mutum ya ɗauki hoton uwarsa a soron gidansa? Sai mu juya gidan ya kalli wani wajen?" Ya yi murmushi ya ce malamai akwai iya magana, kuma daidai abin da suke buƙata ke nan.

Ga abin da suke so. Za su yi wani shiri a talabijin a kan 'yan ƙasa da suka sayar da kansu. Suna so in zauna gaban kyamara in ce kai ɗan leƙen asiri ne, ka yaudare ni ka karɓi hoton, kuma gidanmu ya yafe ka, ba mu da ɗa mai suna Behruz. In na yi, "za a duba lamarin Aga Yadullah da idon rahama." Sun ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa.

Na fito na zauna a tashar mota har motar ƙauye biyu ta wuce ni.

Ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi da wani mahaluki ba. Amma in zan zage ka, ni zan zaɓi kalmomin, a tsakar gidanmu, in gama in zuba maka abinci. Ba wani ɗan tasbaha ne zai rubuta mini ba.

Ka ji dai tattaunawar ta watse, masu sa idon nan na waje sun kwashe kayansu. An girke wata babbar bindiga mai kallon sama a bayan makarantarmu, daidai filin da yara ke ƙwallo. Limami ya ce duk wanda ya bar ƙauye yana taya maƙiya yaɗa tsoro ne. Shi kuwa tun makon jiya ya tura iyalinsa Mashhad ziyara.

An bar ni na ga Yadullah minti biyar ta bayan gilashi. Abin da ya tambaya shi ne ko an duba man motar.

Ban san abin da zan yi ba. Ban taɓa rubuta wannan jimlar ga kowa ba.

Mahin

*

Hamburg, ranar Juma'a

Abji Mahin,

Salamu alaikum. Na ba wata baiwar Allah da za ta tashi gobe wannan takarda don ta riski ki da wuri.

Ki yi. Kada ki ƙara kwana ɗaya kina tunani. Sunana ba ya jin sanyi, ba ya jin yunwa, ba a rufe shi a ɗaki. Aga Yadullah ne a ɗaki.

Tunda ba kya son kalmominsu, ga nawa, ki haddace:

"Ni Mahin, 'yar marigayi Rahmatullah, ina shaida cewa Behruz ya karɓi hoton mahaifiyarmu daga hannuna ya miƙa wa baƙi. Ya jefa mijina cikin bala'i yana zaune lafiya a ƙasar wasu. Ya fifita a kira shi masani a kan lafiyar gidansu. Ba ni da ƙani."

Kin ga jimla uku na farko ba ƙarya a ciki, ba za ki yi kaffara ba. Ta huɗun ce kawai za ki ranta mini, in kin ga dama ki karɓe ta daga baya, in ba ki ga dama ba na fahimta. Ki faɗe su da fushi, kina da isasshe.

Kin ga abin da suka mai da mu, na can da na nan. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba tukuna.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Kada Nane ta gani.

Allah ya fito da shi lafiya.

Behruz

*

Gulshur, ranar Alhamis, rumman ya fara nuna

Ƙanina Behruz,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka ga yadda na buɗe takardar, ka san matsayin jimla ta huɗu.

Na yi. Gida suka zo, da kyamara da fitilu da tuta, suka jingina tutar a jikin bishiyar tut. Ba su karɓi kalmominka ba, sun ce sun yi laushi. Nasu shafi biyu ne. Sau uku ina karantawa. A na biyu mai kyamarar ya ce, "Hanum, ko za a samu ɗan hawaye?" Na ce masa in ya ƙara minti ɗaya a gidana zai samu, amma ba nawa ba. A na uku, da na kai ƙarshe, na ajiye takardar na kalli kyamarar na ce: "Ku kuma da kuka sa mana wannan abu a bayan gida, da ku da kuke shirin ruguza shi a kanmu, Allah ya isa tsakaninmu da ku duka." Da aka nuna shirin, an datse wurin, an sa yara suna rera waƙa. Yanzu na yarda da maganar minti arba'in ɗinka.

Alfarmar da ka roƙa ban iya cika ta ba. Na kai Nane ɗakin ciki na rufe, ashe ta lallaɓo ta tsaya bayan labule. Matar da sai an yi ihu take ji, ranar ta ji komai. Da suka tafi ta fito ta ce, "Wa ya ba ki shi da za ki yafe shi? Ke kika haife shi?" Dole na gaya mata inda Yadullah yake. Ta zauna a bakin rijiya ta daɗe. Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba.

Yadullah ya dawo kwana tara bayan shirin. Tasi ce ta ajiye shi a bakin titi da rana tsaka, ya tako da ƙafa. Kwanansa saba'in da huɗu. Wandonsa da igiya ya ɗaure. Yatsu biyu na hannun damansa a naɗe suke, ya ce ƙofa ce ta datse shi, ban ƙara tambaya ba. An karɓe motar, an ba wani. Yana zama a tsakar gida ya juya wa dutsen baya. Na ba shi takardunka duka ya karanta, har da wadda ka ce ya yi rabonsa. Ya ninke su ya miƙo mini, ya ce a ƙara masa shayi.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Yanzu ni jaruma ce. Mashdi Safar ya ƙi karɓar kuɗina, yana ce wa mutane, "Ku ba Malama hanya, 'yar kishin ƙasa ce." Batul ta kawo mini miya. Na ajiye masa kuɗinsa a kan tebur, miyar kuma na ci, don ta yi daɗi, amma ban mayar da kwanon da komai a ciki ba kamar yadda aka saba.

Shekaranjiya aka gwada jiniya ba sanarwa. Yaran makaranta suka watse cikin gonaki, sai la'asar aka gama tattaro su. Tun daga ranar gidaje ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi "gaishe da dangi." Rediyo na cewa a shirye muke. Na waje ma na cewa a shirye suke. Kowa a shirye yake, ban da mu.

Na sake yi wa Nane maganar Yazd. Ta ce za ta yi shawara da Yadullah, ba da ni ba.

Ban huce ba, kada ka yi zaton na huce. Ka gaishe da yara.

Yayarka,
Mahin

*

Gulshur, ranar Lahadi

Da sunan Allah.

Aga Behruz, salamu alaikum. Ni ne Yadullah. Nane ce ke faɗa ina rubutawa. A yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ta ce: Ɗana Behruz, ina gaishe ka. Na ji an ce a talabijin ba ni da ɗa. Talabijin ba ita ta yi naƙudarka ba. Kai ɗana ne, kuma wawa ne, duka biyun.

Ta ce: Gobe da safe za mu tafi Yazd. Ba don jiragensu ba, ba kuma don kai ka ce ba. Yadullah ba ya iya barci a gidan nan, shi ya sa. Na je na gaya wa babanku a maƙabarta.

Ta ce: Gidan Ezzat akwai waya. Ka kira ranar Juma'a bayan sallah. In masu saurare suna so su ji uwa tana yi wa ɗanta faɗa, su saurara.

Ta ce shi ke nan, Allah ya yi maka albarka.

Wannan kuma nawa ne. Na ga inda ka janye maganarka. Na karɓa. Sauran ban san me zan ce maka ba tukuna. In ka kira, ni zan ɗauka in miƙa mata. Kana iya yi mini sallama.

Yadullah